Yatsan Malam a Jikin Jita

Jikokina sun ɗauka tun da aka haife ni nake dattijo, da gemu da sanda da yawan faɗa. Ba su san an yi lokacin da mutanen Tudun Wada ke ratse mini hanya suna ɗan toshe hanci ba. Shekarun nan ne da jirgin ƙasa bai daɗe da fara kuka a Zariya ba, Tudun Wada kuwa ba ta wuce 'yan gidajen baƙi a wajen ganuwa ba, kowa da garin da ya baro. Ni daga wani ƙauye na zo, na sauka gidan gwaggota da ta riga ni zuwa tana sayar da koko da ƙosai. Ita ta ba ni ɗaki, daga baya kuma ta ba ni zaurenta na yi wurin aiki.

Kafin in buɗe zauren na yi 'yan shekaru a rumfar kafintocin reluwe, a ƙarƙashin wani tsoho mutumin bakin teku wanda bai iya Hausa ba sai ta zagi. A wurinsa na koyi shafe katako har ya yi sheƙi mutum ya ga fuskarsa a ciki. Abin shafawar wani irin ƙaro ne da ke zuwa a gwangwani, fale-fale kamar ɓawon albasa. Ba ya narkewa a ruwa, sai a cikin wani farin ruwa da ake ce wa sifirit, shi kuwa sifirit ɗin nan warinsa da na giya uwa ɗaya uba ɗaya. Ba a shansa, wanda ya gwada ma makancewa zai yi in ya yi arziki. Amma hancin maƙwabta bai san wannan bayani ba, abin da ya ji kawai ya sani.

Ƙofofi da benci da kujeru su ne aikina na kullum. To amma akawunan da ke zaune Sabon Gari, mutanen bakin teku, suna da wani abin kiɗa da suke ji da shi, wai shi jita. Kamar molo take, sai dai ita katako ce zalla ba fata, da rami a tsakiyar cikinta, da tsirkiyoyi na waya. Sun ɗauko su daga garuruwansu suna walƙiya, zafin ƙasarmu da gumin hannu suka cinye sheƙin. Ɗaya ya kawo mini tasa na gyara, ya nuna wa abokansa, daga nan na zama likitan jita ba tare da na nema ba. Ban iya kaɗa ta ba, har yau ban iya ba. Fatarta kawai na sani.

Shafen yana buƙatar auduga. Ana dunƙule ta kamar goro, a naɗe ta cikin tsohon ƙyalle mai laushi, a jiƙa, a riƙa zagayawa a kan katakon a hankali ba tsayawa. Audugar da kafinta ke buƙata a wata guda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ni kuwa sai da na cika tulu da ita, na cika kwando, har Gwaggo ta yi matashin kai biyu. Dalili shi ne mai sayar da audugar. Bazawara ce, mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan mahaifinta tana kaɗi. Tana da wata irin dariya da ba ta fitowa sai ta ido, kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Wata rana tana auna mini ta ce, "Kafinta, ko dai katifa ka koma ɗinkawa ne ba mu da labari?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ta ce, "To Allah ya ƙara yawan aiki. Amma in wata magana ce ke kawo ka, ka faɗe ta tun kafin ka ƙarar da audugar lardin nan."

Na faɗe ta, da in-ina da komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita ba ta da ja, sai dai in sani mahaifinta yana da hanci.

Mahaifin nata malami ne, ɗan siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, daga wajen Katsina ya zo. Duk unguwa Malam kawai ake ce masa, kuma kowa ya san wanda ake nufi. Yana da abu ɗaya da yake alfahari da shi a fili: tun da Nasara suka zo, hannunsa bai taɓa hawa takardarsu ba. A lokacin leburori kan dangwala babban yatsa a tawada ranar biya, kuma magana ta bazu cewa Bature na iya duba zanen yatsan ya gane mai shi ko da ya gudu Gwanja. Malam ya yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban ƙaryata ba.

Da Gwaggo ta aika da maganata, Malam ya yi abin da kowane uba ke yi, ya sa a bincika halina. Aka zaga maƙwabta. Kowa ya yabe ni, yana salla, ba ya faɗa, yana gaida manya, har a zo kan "amma". Amma ɗin kuwa iri ɗaya ce a kowane baki: wari. Wani ma ya ƙara da cewa yana ganin mutanen Sabon Gari na shiga zaurena da wani abu naɗe cikin zane. Amsa ta ƙi fitowa daga gidan Malam. Sai kuma na ji wani mai fataucin hatsi daga Gyallesu, mai jakuna da ƙiba, shi ma ya fara aika goro. Na rame a tsaye, abinci ya daina yi mini daɗi, har ƙosan Gwaggo da ba a ƙi.

Cikin wannan hali, tsakiyar damina, wani akawu ya kawo mini jitarsa. Ta ji jiki. Ƙasan ramin, inda farce ke karta, sheƙin ya cinye har katako ya fito fari, wurin ya yi ɗan kwarmi. Inda damtse ke kwanciya gumi ya dusashe shi, sauran jikin kuma ya tsattsage siri-siri. Na kwance wayoyin, na goge dauɗar da ɗan ruwan sabulu, na bi gefen kwarmin da samfefa mai laushi, takardar nan ta gugar katako. Farin wurin na rina shi da ɗan ruwan karan dafi da na samo wurin dukawa, har launinsa ya zo daidai da sauran. Sannan na ɗauki gashin kaza na cika kwarmin da ƙaro mai kauri, don ya taso ya yi daidai da jiki. Irin wannan cikon da rani ma yana ɗaukar lokaci kafin ya yi tauri, balle da damina da iska ke jiƙe. Na kwantar da ita a kan benci, na kifa mata babban kwando saboda ƙuda.

Da hantsi ina fiƙe wata ƙafar kujera sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai, ga Malam a bakin zaure, shi kaɗai, ba ko rakiya. Ashe ya gaji da hancin mutane, ya zo da nasa. Na zube na gaishe shi, na rasa inda zan sa kaina. Ya amsa, ya shigo, ya tsaya tsakiyar zaure yana jan iska a hankali. Sai ya nufi kwalbar sifirit ɗin kai tsaye kamar shi ya ajiye ta.

Ya ce, "Wannan ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ita ce. Ba ta sha ba ce, ta aiki ce." Na shiga bayani, ina yi ina haɗa gumi, na ɗauko gwangwanin ƙaron na nuna masa. Yana saurare yana zagaya zauren, hannu a baya, bai ce ya yarda ba bai ce bai yarda ba. Na juya in ɗauko wata kujera da na gama don ya ga irin sheƙin. Da na juyo sai na ga ya ɗaga kwandon.

Hasken ƙofa ya faɗa kan jitar, ta ɗauki ido. Malam ya sunkuya, ya ga rawaninsa a ciki. Ya ce, "Gilashi ne aka sa mata?" Kafin in buɗe baki ya ɗora babban yatsansa a kan wurin da ya fi ƙyalli, wato kan cikon, ya danna don ya ji.

Da safen nan ya yi rubutu, yatsan duk tawada. Da ya ɗaga, ga shi nan zaune cikin ƙaron, baƙi wuluk, layi-layi, ya fito raɗau fiye da duk wanda na taɓa gani a teburin biya. Muka tsaya muna kallonsa, ni da shi.

Ya ce, "Mene ne wannan abin?"

Na ce, "Jita ce, Malam. Molon mutanen bakin teku."

"Molo."

"Na'am."

"Na wa?"

"Na wani akawu ne a reluwe."

"Wane aiki yake yi a can?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Shi ke zama ranar biya, leburori na dangwala yatsa a gabansa."

Malam ya zauna a kan bencin da ba wanda ya ba shi. Ya dubi yatsansa, ya dubi jitar. Ya tambaya a ina ake kaɗa ta, na ce a Sabon Gari, ran Asabar da yamma, in sun taru. Bai tambayi abin da suke sha ba, ya sani. Can sai ya miƙe da sauri ya kamo hannun rigarsa zai goge. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Ni, mai neman aure, riƙe da hannun uban yarinya. Na saki kamar na taɓa wuta, na ba da haƙuri, na ce in ya goge yanzu tawadar za ta shiga ko'ina, rigarsa ta manne, zaren rigar ma ya zauna a ciki. Dole a bar shi ya bushe ya yi tauri tukuna, sannan a cinye shi da kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Zuwa yaushe?"

Na ce sai yadda rana ta yi.

Ya leƙa waje, hadari ya haɗo ta gabas. Ya ce, a hankali, "Wa ya gani?" Na ce daga ni sai shi. Ya mayar da kwandon da kansa, ya gyara masa zama, ya fita ba tare da ya ce komai game da kwalba ba.

Daga ni sai shi ɗin nan ban faɗi daidai ba, don Gwaggo na bayan asabari tun daga sallama. Yana fita ta shigo tana rawa da zani a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya kawo maka aure har zaure. Kada ka kuskura ka goge yatsan nan sai an shafa fatiha. Ka ce damina ce, ka ce ƙaro ya ƙare, ka ce abin da ka ga dama." Na ce haba Gwaggo. Ta ce ba haba, mai hatsi jakuna gare shi, ni kuwa yatsa gare ni, kowa ya yi amfani da abin da Allah ya ba shi. Na roƙe ta da girman Allah kada maganar ta fita, ta yi alkawari tana ƙunƙuni, kuma ta cika, wanda a wurin Gwaggo ba ƙaramin jihadi ba ne.

Washegari da hantsi, bayan ya tashi karatun safe, sai ga Malam da buzunsa a hammata. Ya shimfiɗa kusa da benci, ya ɗaga kwando, ya duba, ya mayar, ya zauna yana jan carbi. Haka jibi, haka gata. Ruwa kuwa kamar da gayya, kullum sai ya sauka. Wata safiya muka tarar sheƙin ya yi yana fari-fari kamar kunun da ya huce, Malam ya firgita ya ce ko ruɓewa yake yi. Na ce sanyin iska ne, in rana ta fito zai washe. Maƙwabta suka ga yana shiga zaurena kullum, suka yanke cewa wa'azi yake yi mini, har wasu suka fara yi mini barka da tuba.

Mutum ba ya zama wuri ɗaya kullum bakinsa a rufe, ko da Malam ne. Ya fara da tambayar garinmu da iyayena. Ya ji inda na tsaya a karatu, ya gyara mini wata aya da nake ja ba daidai ba tun ina yaro. Rannan ya ce in zuba masa ɗan sifirit a katanga, wato guntun fasasshiyar tukunya, in kawo wuta. Na ƙyasta, ya kama da wani harshe shuɗi, ya cinye tas ba ko toka. Malam ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Wannan ai ɗan'uwan kananzir ne. Wanda ya sha wannan ba mashayi ba ne, mahaukaci ne." Ya juyo gare ni. "Amma ka riƙa wanke hannu da toka kafin alwala, kuma ka ware rigar masallaci daban. Ka huta, mutane su huta."

Na ji daɗin wannan magana har cikin ƙashina, amma ban ga ta matsar da ni ko taki ɗaya wajen abin da nake nema ba. Maganar aure ko da wasa bai taɓo ta ba.

A ranakun da rana ta ɗan leƙo nakan ci gaba da sauran jikin jitar, inda damtse ya dusashe. Sai an buɗe kwando ake wannan, ƙuda kuwa da damina ba sa jin kunyar kowa, in ɗaya ya sauka sai ya bar ƙafarsa. Ina zagayawa da dunƙulen auduga ina kore su da kai. Ban ankara ba sai na ga faifai na kaɗawa a gefena. Malam ne, ya ɗauki faifan Gwaggo yana yi wa jita fifita, fuskarsa a murtuke kamar mai yanke hukunci. Ban yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin wannan cikin manyan abubuwan da na yi a rayuwata. Daga baya ma har gyara yake ba ni, ya ce can gefen ya fi nan haske, in ƙara bi.

Ana haka mai jitar ya zo neman kayarsa. Dogo ne mai fara'a, da hular kwano da Hausarsa ta tasha. Na yi maza na kifa kwando. Ya ga dattijo da rawani, ya cire hula, ya ce, "Sannu Baba," ya miƙa hannu. Malam ya dubi hannun nan da ke karɓar yatsun mutane. Ƙin karɓa rashin ladabi ne, karɓa kuma ga abin da ke ciki. Sai ya lanƙwashe babban yatsan cikin tafi ya miƙa masa sauran huɗun. Akawu ya girgiza su da murna, ya tambaye ni ko Baba ya ji ciwo ne. Na ce ɗan kaɗan. Ya ce a sa masa aidin. Ya nemi ya ga jitar, na ce in aka buɗe iska za ta ɓata aikin, ya ƙara haƙuri ruwa ya ɗauke. Ya tafi yana fito. Malam bai fito da hannunsa daga cikin riga ba har aka kira azahar.

Ita ma mai audugar ba a bar ta a baya ba. Da na je sayen audugar da ba na buƙata, ta ƙi aunawa, ta tsare ni da ido.

Ta ce, "Kafinta, me ka yi wa Malam? Kullum ya dawo sai ya shinshina hannun rigarsa. Jiya na ji yana duban sama yana roƙon Allah ya fito da rana, alhali dawarsa na son ruwa."

Na ce hira kawai muke yi.

"Hira. Malam ne mai hira?"

Na hau gyara zaman hulata.

Ta ce, "Mai hatsi ya turo manyansa shekaranjiya, in ba ka sani ba. Malam ya ce su dakata. Ni ban san ko don kai ne ba, ko don wani abin da kuke ɓoyewa. Ba za ka faɗa mini ba?"

Na ce ba nawa ba ne da zan faɗa.

Wannan karon idon bai yi dariya ba. Ta ce to in riƙe sirrina, ita ma ta riƙe audugarta. Na dawo gida hannu wofi, raina a jagule, na tarar da Gwaggo na jirana da shawararta ta kullum.

Ba zan ce shawarar ba ta kwana a raina ba. Muddin yatsan na nan, Malam zai zo, mai hatsi zai dakata. Ranar da ya goge, ba abin da ya rage tsakanina da shi sai warin da ya kawo shi. Kuma ba wanda ya san lokacin da ciko ke yin tauri sai ni, in na ce da saura, da saura. Sai aka samu rana ta fito sosai, ta kwana biyu tana yi. Da safe kafin ya zo na danna farcena a gefen cikon, bai shiga ba. Na tsaya ina kallon baƙin zanen nan, ina jin tsoro ƙarara. Amma na tuna yadda dattijon nan ke ɗaga kwando kowace safiya, da yadda kafaɗarsa ke sauka in ya ga abin na nan. Na ga ba zan iya ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Da ya shigo na ce, "Allah gafarta Malam, yau ne."

Na tankaɗe toka da ƙyalle har ta yi laushi kamar kwalli. Na ɗiga man gyaɗa a wurin, na barbaɗa tokar, na naɗe ɗan guntun katako mai santsi da tsumma na fara murzawa a hankali. Ba a gaggawa, in ka matsa sai ka huda cikon ka koma farko. Malam ya matso har numfashinsa na taɓa hannuna. Layukan gefe suka fara tafiya, sannan na tsakiya, baƙin ya koma toka-toka, ya koma inuwa. Nakan goge in duba in ci gaba. Can na goge, ba komai sai wuri mai dushu-dushu. Na jiƙa sabuwar auduga cikin ƙaro marar kauri na bi kai, zagaye bayan zagaye, da ɗigon mai don kada ta kama, har sheƙin ya taso ya haɗe da sauran jiki.

Na ɗauke ta na kai bakin ƙofa. Malam ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya sa na karkata ta, ya tsuguna ya duba ta ƙasa. Hannayensa duka biyu na bayansa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya naɗe buzunsa, wanda ya saba bari a zauren, ya sa a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi.

Na mayar da jitar kan benci. Gwaggo ta fito ta dubi inda buzun yake da, ta dube ni, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda aka ba shi nama ya mayar wa mahauci ba sai ni. Ta koma ciki ko abinci ba ta kira ni ba. Bayan kwana biyu akawu ya zo ya ɗaura wayoyinsa, ya yaba aiki, ya rungumi abarsa ya haye rafin Kubanni da ita zuwa Sabon Gari. Zauren ya yi mini faɗi. Hantsi ya yi ya wuce ba sallama, washegari ma haka. Na kama ƙafar kujerar nan da na bari, na fiƙe ta har ta fi sauran ukun siranta, dole na sake wata.

Ran nan ina share zaure sai na ji sallamar nan ƙasa-ƙasa. Ba buzu a hammatarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi benci ya ga wayam.

Ya ce, "Ta tafi?"

Na ce ta tafi.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan zaga, ya taɓa wani katako da ke jingine, bayan ya tambaya ko busasshe ne. Sannan ya ce, "Ka iya akwati?"

Na ce na iya.

"Na mace nake so, mai ɗan girma. Za a kai ɗiyata ɗaki bayan kaka, nata na farko gara ta cinye shi."

Wato mai hatsi ya yi nasara, ni kuma aka ba ni aikin akwati. Na daure na ce to, Allah ya sanya alheri. Na ɗauko igiyar awo, na tambayi tsawon da yake so da faɗi, don in samu abin da zan yi da bakina.

Ya ce, "Ni ina zan sani? Kai da za ka yi shi, ka shiga ka auna ƙofar ɗakinka, kada a zo ranar ya ƙi shiga."

Na tsaya da igiya a hannu. Sai da ya maimaita cewa in turo manyana bayan Juma'a sannan maganar ta isa inda za ta. Na zube a gabansa, na buɗe baki in yi godiya sai ga hawaye, ni da gemuna ya fara tsiro. Daga bayan asabari na ji wani ƙaramin sauti na wadda ke danne guɗa da tafin hannu. Malam ya yi kamar bai ji ba, ya kuma yi kamar bai ga fuskata ba. Ya dubi sama ta bakin ƙofa, ya ce in tashi in kama aiki tun da sauran rana.